Idan barci ya sace mai ba jirage hanya: muhawarar hutun dare a hasumiyoyin filayen jiragen sama

Jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na dare, a ranar 23 ga watan Maris na shekarar 2011, wani jirgin kamfanin American Airlines ya tunkaro filin jirgin sama na Ronald Reagan da ke kusa da birnin Washington na Amurka. Matuƙin ya kira hasumiya yana neman izinin sauka, ba a amsa ba. Ya fasa saukar, ya kewayo, ya sake kira, shiru. Ma'aikatan wata cibiyar radar da ke yankin suka yi ta buga waya, babu wanda ya ɗauka. A ƙarshe jirgin ya sauka ba tare da izinin hasumiya ba, kuma bayan ƴan mintoci wani jirgin United Airlines da ya taso daga Chicago ya bi sahunsa. Mutum fiye da 160 ne a cikin jiragen biyu.

Mutumin da ke hasumiyar ba sabon hannu ba ne. Ya shekara 20 yana wannan aiki, har ya kai matsayin shugaban ma'aikata. A daren shi kaɗai ne ke bakin aiki, kuma dare na huɗu ke nan a jere yana kamawa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Da masu bincike suka tambaye shi, ya ce barci ne ya ɗauke shi.

Wannan lamari ya tono wata tambaya da har yau hukumomin sufurin sama ba su gama amsa ta ba: shin ya kamata a bar mai ba jirage hanya ya ɗan kwanta a tsakiyar aikin dare? In an yarda, wa zai riƙe masa kujera, minti nawa zai yi, kuma a ina zai kwanta? Tambayar ta shafi duk ɗan Nijar da ke hawa jirgi, domin da dama daga jiragen da ke kawo ƴan ƙasa daga Turai, Magrib da Gabas ta Tsakiya cikin dare suke tafiya.

Aikin da fasinja ba ya gani

Fasinja yana ganin matuƙi da ma'aikatan cikin jirgi, amma ba ya ganin waɗanda ke riƙe da jirgin ta rediyo tun daga tashi har sauka. Aikin ya kasu gida uku. Akwai na hasumiya, mai ba da izinin tashi da sauka da zirga-zirga a ƙasa. Akwai wanda ke jera jiragen da ke tunkarar fili ko barinsa. Sai na cibiyar yanki, wanda ke zaune a ɗaki gaban allo yana lura da jiragen da ke ratsa sararin sama can ƙololuwa, waɗanda ba za su ma sauka a ƙasar ba.

Babban aikinsu shi ne raba jirage. A ƙa'ida ana barin tazarar ƙafa 1,000, wato kusan mita 300, tsakanin jirgin da ke sama da na ƙasa da shi. A inda radar ke aiki kuma ana barin kimanin kilomita 9 a gefe. Jirgin fasinja na gudun kusan kilomita 850 a awa, don haka jirage biyu da ke fuskantar juna suna cinye kimanin kilomita 28 a minti ɗaya. Gyangyaɗin minti biyu a irin wannan kujera ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke wahalar da aikin dare ba yawan jirage kaɗai ba ne. A filaye da yawa ma rashin jiragen ne matsala. Mutum na zaune a ɗaki mai duhu-duhu da sanyin na'ura, babu hira, babu motsi, wani lokaci awa guda ba a kira shi ba. Duk wanda ya taɓa gadi ko jinyar maras lafiya a asibiti ya san irin nauyin da ido ke yi a wannan hali.

Agogon jiki ba ya bin jadawalin ofis

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma binciken masana ya tabbatar da maganar. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa da ke bin haske da duhu. Tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe zafin jiki kan sauka, hankali kan yi sanyi, saurin yanke shawara kan ragu. A wannan tsakani mutum kan yi barcin daƙiƙoƙi idonsa a buɗe, kuma in an tambaye shi sai ya rantse bai runtsa ba.

Wani bincike da masana biyu na ƙasar Ostiraliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, kuzarinsa kan ragu kamar na wanda ke da giya a jini daidai iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Ga kuma bashin barci: wanda ke samun awa biyar maimakon bakwai ko takwas, gajiyar taruwa take yi kwana bayan kwana, kuma shayi ko kofi ba sa biyan wannan bashi, jinkirta shi kawai suke yi.

A ɗaya gefen, hukumar NASA ta gwada ba matuƙan jiragen dogon zango damar kwanciya ta minti 40 a kan kujerarsu, yayin da abokan aikinsu ke riƙe da jirgi. Sakamakon da aka fitar a tsakiyar shekarun 1990 ya nuna sun yi barcin kimanin minti 26, kuma sun fi waɗanda ba su kwanta ba kuzari a lokacin sauka. Sai dai akwai magagi. Wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 kafin kansa ya dawo daidai. Shi ya sa masu goyon bayan ƙailular dare suke cewa dole a tsara ta: a san lokacin kwanciya, a san mai tayarwa, a bar lokacin wartsakewa kafin mutum ya koma kan rediyo.

Darasin da aka biya da rayuka 71

Hutun da ba a tsara shi ba ya taɓa jawo ɗaya daga cikin munanan haɗurran Turai. A daren 1 ga watan Yuli na 2002, jirgin fasinja na kamfanin Bashkirian Airlines da ya taso daga Mosko zuwa Barcelona ya yi karo a sama da jirgin kaya na DHL, kusa da garin Überlingen a kudancin Jamus. Mutum 71 suka rasu, cikinsu har da ɗalibai 45 da ke kan hanyar zuwa hutu a Sifen.

Cibiyar Zurich ta kamfanin Skyguide na Suwizalan ce ke kula da wannan yanki. Ma'aikata biyu ne a jadawalin daren, amma an saba tun da daɗewa cewa in jirage suka ragu ɗaya ya tafi ɗakin hutu har asuba. Shugabanni sun san da al'adar, sun kau da kai. Wanda ya rage yana kai da komo tsakanin allo biyu. A daren kuma ana gyaran na'urori, alamar gargaɗin karo da ke bayyana a allo ba ta aiki, layin waya ma ya katse. Ma'aikatan cibiyar Karlsruhe ta Jamus sun hango haɗarin, sun yi ta kira, ba su samu shiga ba.

Ƙasa da minti ɗaya kafin karon ne ma'aikacin ya umarci jirgin Rasha ya yi ƙasa, alhali na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin tana cewa ya yi sama. Matuƙan suka bi muryar mutum. Jirgin DHL kuwa ya bi tasa na'urar, shi ma ya yi ƙasa. A watan Fabrairun 2004 wani magidanci da ya rasa matarsa da ƴaƴansa biyu a haɗarin ya bi ma'aikacin har gida ya kashe shi. A 2007 wata kotun Suwizalan ta sami jami'an Skyguide huɗu da laifin sakacin da ya jawo asarar rai.

Bayan shekaru huɗu da haɗarin, a ranar 27 ga Agustan 2006, wani jirgin Comair ya hau gajeren titin da ba nasa ba a Lexington ta jihar Kentucky da asuba, ya faɗi yana ƙoƙarin tashi. Mutum 49 cikin 50 suka mutu. Masu bincike sun ɗora laifin a kan matuƙan, amma sun gano cewa ma'aikaci ɗaya ne a hasumiya maimakon biyu da ƙa'ida ta tanada, kuma barcin awa biyu kacal ya samu a cikin awa 24 da suka gabata.

Amurka: tsakanin horo da gyara

Abin da ya faru a Washington a 2011 bai tsaya nan ba. An gano cewa a watan Fabrairun shekarar wani ma'aikaci a Knoxville ya shimfiɗa matasai da bargo ya yi barcin sa'o'i da gangan, aka kore shi. Ranar 13 ga Afrilu kuma wani ƙaramin jirgi ɗauke da maras lafiya ya sauka a Reno ba tare da an amsa masa ba, bayan kusan minti 16 ana neman hasumiya. Washegari shugaban sashen kula da zirga-zirgar jirage na hukumar FAA, Hank Krakowski, ya ajiye aiki.

Hukumar ta ƙara ma'aikaci na biyu a hasumiyoyi 27 da a da mutum ɗaya ke kwana a cikinsu, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin hutu tsakanin aiki da aiki daga awa 8 zuwa 9. Amma kan batun kwanciya, ministan sufuri na lokacin, Ray LaHood, ya kafe cewa gwamnati ba za ta biya mutum albashi don ya yi barci ba. Wannan kuwa duk da cewa wani kwamitin haɗin gwiwa na hukumar da ƙungiyar ma'aikatan, NATCA, ya ba da shawarar a yarda da hutun barci da zai iya kai awa biyu da rabi a aikin tsakar dare. Yarjejeniyar da aka cimma a watan Yulin shekarar ta ba su damar sauraron rediyo da karatu idan jirage sun ragu, da neman izinin tafiya gida ga wanda ya ji gajiya ta fi ƙarfinsa.

Tushen matsalar yana cikin jadawalin kansa. A wancan lokacin ma'aikatan Amurka da dama suna bin tsarin da ke cusa aikin kwana biyar cikin kwana huɗu: yamma biyu, safiya biyu, dare ɗaya. A rana ta huɗu mutum kan tashi aiki wajen ƙarfe 2 na rana ya dawo ƙarfe 10 na dare. Ma'aikatan da yawa suna son tsarin saboda yana ba su dogon hutun ƙarshen mako, ko da yake jiki ne ke biyan kuɗin. Wani binciken NASA da FAA ta sa aka yi, wanda bai fito fili ba sai a 2015 bayan kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo shi, ya nuna cewa a matsakaici ma'aikatan na samun barcin awa 5.8 a rana, kuma kafin aikin tsakar dare yakan sauka zuwa awa uku da ƴan mintoci.

Sai a watan Afrilun 2024, bayan jerin lokutan da jirage suka kusa karo a filaye da kuma rahoton wani kwamitin masana barci, shugaban FAA Mike Whitaker ya sanar da sabuwar ƙa'ida: awa 10 tsakanin aiki da aiki, awa 12 kafin aikin tsakar dare. Ƙungiyar ma'aikata ta yi ƙorafin cewa ba a tuntuɓe ta ba, kuma babu isassun mutanen da za su cike giɓin. A watan Yuli ɓangarorin biyu suka daidaita cewa za a soma aiki da tsarin a jadawalin 2025. Ƙasar na da ƙarancin kimanin ma'aikata 3,000, abin da ke sa da yawa yin kwana shida a mako.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa lamarin

Ba kowa ya bi hanyar Amurka ba. A Jamus da Japan ana tanadar ɗakunan kwanciya domin ma'aikatan da ke hutu cikin dare, yayin da wasu ke riƙe da aiki. Birtaniya kuma ta daɗe da rubuta ƙa'ida dalla-dalla: ba a wuce awa biyu a kan kujera ba tare da hutun minti 30 ba, ana barin awa 12 tsakanin aiki da aiki, ba a yin dare fiye da biyu a jere, kuma bayan aikin dare sai an huta awa 54 kafin a dawo.

Duk da haka ɓarawon bai daina shiga ba. A watan Satumban 2025 wani jirgin Air Corsica da ya taso daga Paris ya iso Ajaccio, a tsibirin Corsica na Faransa, ya tarar da fitilun titi a kashe, hasumiya ba ta amsawa. Ya yi ta shawagi a sama har jami'an filin suka hau suka tarar da ma'aikacin yana barci. Jirgin ya sauka lafiya. A nan ma mutum ɗaya ne a bakin aiki.

Idan aka jera waɗannan abubuwa, Washington, Reno, Lexington, Zurich da Ajaccio, abu ɗaya ne ke maimaituwa: kujera ɗaya, mutum ɗaya, tsakar dare. A wasu wuraren mutumin ya yi barci don babu mai karɓarsa. A Zurich kuwa yana farke, amma abokin aikinsa ne ya kwanta ba tare da an maye gurbinsa ba. Hana barci bai magance na farko ba, sakin barci ba tsari shi ya haifar da na biyu.

Hukumar sufurin sama ta duniya, OACI, ta shigar da batun gajiya cikin ƙa'idojinta na kula da zirga-zirgar jirage, waɗanda suka fara aiki ranar 5 ga Nuwamban 2020. Sun wajabta wa kowace ƙasa ta ƙayyade yawan sa'o'in aiki, yawan kwanakin aiki a jere, tsawon zama a kan kujera, da mafi ƙarancin hutu, kuma a gina waɗannan iyakoki bisa ilimin barci. Ƙasa na iya amincewa da wani tsari na auna haɗarin gajiya da bayanai, muddin kariyar da yake bayarwa ba ta gaza ta ƙa'idar ba.

Sararin Nijar ba ya barci

Nijar tana tsakiyar wannan magana. Hukumar ASECNA, da aka kafa ranar 12 ga Disamban 1959 a Saint-Louis ta Senegal, mai hedikwata a Dakar, tana kula da sararin sama mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 16. An raba shi yankuna shida, kuma ɗaya daga cikinsu sunan Yamai yake ɗauke da shi. Ɗan Nijar, Mohamed Moussa, shi ya jagoranci hukumar daga 2017 zuwa 2024. A Yamai ɗin ne kuma makarantar EAMAC take, inda tun 1963 ake horar da masu ba jirage hanya, masana yanayi da injiniyoyi na ƙasashen Afirka da dama.

Bambancin Yamai da ƙananan filayen Amurka shi ne, a nan dare ba lokacin shiru ba ne ga cibiyar yanki. Manyan jiragen da ke haɗa Turai da tsakiya da kudancin Afirka galibi da yamma suke tashi, su ratsa Sahara a tsakar dare, su sauka da safe. Ke nan cunkoson na zuwa ne daidai lokacin da agogon jiki ke neman kwanciya. Duniya ta ga muhimmancin wannan hanya lokacin da aka rufe sararin Nijar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumban 2023, inda jirage suka riƙa dogon zagaye da ƙarin mai. An kuma gan shi a watan Satumban 2022, lokacin da gamayyar ƙungiyoyin masu ba jirage hanya na ASECNA ta shiga yajin aiki kan yanayin aiki da haƙƙoƙinsu, aka soke jirage a biranen yankin da dama kafin a dakatar da yajin.

Ma'aikacin dare a Sahel yana da nasa ƙarin nauyin. Wanda ya tashi aiki da safe a watan Afrilu ko Mayu zai nemi barci ne a zafin da ke haura digiri 40, wataƙila kuma wuta ta ɗauke. Gidan Bahaushe ba ya rufe ƙofa da rana: ga baƙi, ga suna, ga ɗaurin aure, ga gaisuwar rasuwa, kuma wanda ya ce yana barci da hantsi sai a ɗauke shi rago ko mai girman kai. A watan azumi jadawalin barci na kowa kan juye. Awa 12 na hutu a takarda na iya komawa awa huɗu na barci a zahiri. Nan iyali ke da rawar takawa, domin barcin rana na mai aikin dare wani ɓangare ne na aikinsa.

Ga matasan da ke hangen jarrabawar shiga EAMAC, lissafi da Turancin Ingilishi, wanda shi ne harshen rediyon jiragen ƙasa da ƙasa, ba su kaɗai ake buƙata ba. Aikin na neman mutumin da zai iya tsara barcinsa, ya kuma iya buɗe baki ya ce wa shugabansa ya gaji. Wannan na biyun ba ya yiwuwa sai a wurin da faɗin gaskiya ba ya jawo horo. Inda ake korar duk wanda ya amsa cewa ya yi gyangyaɗi, sauran kan koyi yin shiru, hukuma kuma ta rasa bayanan da za ta gyara jadawali da su.

Tambayoyin da ƙungiyoyin ma'aikata, ƴan majalisa da hukumar ANAC mai sa ido kan sufurin sama a Nijar za su iya riƙewa a kai a kai ba su da yawa. Mutum nawa ne ke bakin aiki tsakanin ƙarfe 2 da 6 na safe? Awa nawa mutum ke yi a kan kujera kafin a karɓe shi? Akwai ɗakin hutu mai duhu da sanyi, kuma wa ke riƙe aiki in ɗaya ya shiga? Dare nawa ake yi a jere? Duk amsoshin suna komawa ga abu ɗaya, wato yawan ma'aikata, kuma horar da mai ba jirage hanya guda na cin shekaru da kuɗi masu yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ma'aikacin da zai karɓi abokinsa da ƙarfe 3 na dare nan da shekara biyar, a bana ya kamata a ɗauke shi makaranta.